Jarkar Alhaji a Hanyar Teku

Shin Alhaji ya sani, ko bai sani ba? Tun da muka dawo nake juya tambayar nan. Ina wanke-wanke ina juya ta, ina lazimi tana faɗo mini, ga shi wanda zai amsa yana kwance a maƙabartar bayan gari. Ku 'yan'uwana na Maraɗi da kuka aiko kuna son jin yadda tafiyarmu bakin teku ta kasance, to ga shi zan faɗa, matar ɗana tana rubutawa, tunda ni ban yi boko ba.

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Greensboro, garin da muke zaune a nan Amurka, ranar Asabar ta bayan ƙaramar Salla, ban daɗe da fita takaba ba. Mu uku ne: ni da ɗan farina da matarsa. Motar da muka shiga kuwa ba irin wadda kuka sani ba ce. Gida ce sukutum a kan taya, girmanta kamar bas, da gado da murhu da makewayi a ciki. Alhaji ya saye ta kwance a wani kamfani da ke sayar da irinsu yana kuma gyarawa. Kun san shi, rayuwarsa duka a bayan sitiyari ya yi ta, yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kano. Da ɗanmu ya kawo mu ƙasar nan sai zaman ɗaki ya so ya kashe shi. Ya ce zai sayi motar da zan miƙe ƙafata mai ciwo a ciki, ya kai ni in ga teku da idona, don ban taɓa ganinta ba sai ta tagar jirgi.

Bai kai ni ba. Motar ta fi daɗewa a garejin kamfanin fiye da ƙofar gidanmu.

Muka bi titin Wendover, manyan shagunan nan duk a rufe, fitilunsu kawai ke ci, filin ajiye motoci fayau. Ni dai kunnena yana kan injin. Haka Alhaji ya koya mini, ko mutum na magana rabin hankalinsa na ƙarƙashin mota. Duk lokacin da ɗana ya taka birki sai in ji kamar tarin nan nata zai dawo.

Bari in gaya muku tarin. Fita biyu ta yi lafiya, a ta uku ta fara shaƙewa tana fitar da hayaƙi, ta mutu a tsakiyar titi. Aka ja ta zuwa gareji. Suka ce famfon mai ne, suka canza. Ta dawo gida, ta sake. Aka mayar. A karo na biyun ne shugaban garejin, wani dogo mai jan wuya da ba ya rabo da cingam, ya ce sun sami man dizal a tanki, alhali motar fetur take sha. Ya ce mai motar ne ya zuba da hannunsa, don haka garanti ya tashi.

Ina wurin ranar, a kan wata kujerar roba, ɗana yana tafinta. Alhaji ya miƙe tsaye har hularsa ta karkace.

"Gaya masa ina jan mota tun ba a yi masa aski ba! Ni zai koya wa abin da mota ke sha?"

Ɗana ya juya ya faɗi wata 'yar gajeruwar magana da Turanci, dogon ya gyaɗa kai.

"Kai, me ka ce masa? Maganata ta fi wannan tsawo."

"Na ce ba ka yarda ba, Baba."

"Askin fa?"

"Baba, a nan ba a yi musu askin suna."

Na yi dariya ranar, Allah Ya yafe mini. Ban san maganar nan ce za ta hana shi barci har ƙarshen kwanansa ba. Ba gyaran ne ya dame shi ba. A ce shi, shi Alhaji, bai san man mota ba, wannan ne ya tsaya masa a wuya. Yau ya tafi garejin, gobe ya tafi, su ce shugaban ba ya nan, su ce ana jiran kaya daga wata jiha, su ba shi kofi a kofin takarda ya dawo da shi ko kurɓa bai yi ba. Wata safiya ya fita zai hau bas zuwa can, ya yanke jiki ya faɗi a tashar cikin gari. Kafin mu isa asibiti an rufe masa fuska.

Bayan rasuwar Alhaji, ɗana ya biya aka ƙarasa gyaran, ya karɓo motar, sannan ya shigar da ƙara kotu. Ya ce sai ya wanke sunan ubansa. Ni ce shaidarsa, don ni ke zaune da Alhaji dare da rana. Zan tsaya in rantse cewa bai taɓa zuba wa motar nan dizal ba. Na ce zan rantse, da Alƙur'ani ma in ana so. Wannan tafiya kuwa cika alkawarin uban ce, kuma ɗana yana so ya gwada gyaran nasu kafin ranar zaman kotu.

Gari ya waye mana wajen Burlington. Hanyar nan mai faɗi ce, ba rami ko ɗaya, ba ɗan sanda mai ganga, ba mai tallan ƙosai. Itatuwa dogaye a jere hagu da dama, iri ɗaya, har mutum ya gaji da kallo. Na zauna a kujera, na koma gado, na dawo kujera. Matar ɗana ta ce, "Inna, ki kwanta mana, ai don ke aka sayi gadon." Na kwanta, filon yana ƙanshin turaren Alhaji, na tashi.

Bayan Raleigh muka tsaya shan mai. Galan ɗaya ya tasam ma dala huɗu, motar kuwa sha take kamar raƙumin da ya fito daga Sahara. Ɗana yana riƙe da tiyo yana tsaki. A nan na ji yana ce wa mai shagon "gas", sai na tambaye shi, na ce ba ka ce fetur take sha ba? Ya ce, "Inna, a ƙasar nan fetur shi ne gas." Na ce to na girkin da ke cikin tukunyar ƙarfe fa? Ya ce shi ma gas ne. Na ce mutanen nan kalmomi ne suka ƙare musu? Muka yi dariya. Amma da na koma ciki sai dariyar ta tsaya mini. A Kano, in direba ya ce gas, man babbar mota yake nufi, wanda mu a gida muke ce wa gazuwal, shi ne dizal ɗin nasu. Alhaji bai taɓa kiransa da wani suna ba. Na kori tunanin, na ɗauko carbi.

Daga nan ƙasa ta baje. Sai ga gonakin auduga fari fat, ga dankali ana haƙa da inji, ga wani wari da ya cika motar har muka rufe tagogi, ɗana ya ce gidajen kiwon alade ne. A gefen wata ƙaramar hanya muka tarar da wata tsohuwa baƙar fata tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a tukunya. Dafaffiyar gyaɗa, jama'a, a Amurka! Gishirinta ya yi yawa kuma ta dahu har ta yi laushi kamar wake, amma na ci. Ta dubi baƙin mayafina, ta dafa ƙirjinta ta faɗi wani abu. Ban ji ba, na dai gane. Ta ƙara mini ludayi guda.

Ba mu yi nisa da wurinta ba motar ta yi tarin. Sau ɗaya, sau biyu, ta fara fizga, ta mutu. Ɗana ya gangara da ita gefen titi ya buga sitiyari da hannu.

"Kin gani ko, Inna? Fetur zalla na zuba mata da hannuna! Yanzu wa za su ɗora wa?"

Murna yake, wallahi, cikin fushin. Ni ma na ji wani sanyi a raina, na ce Allah Ya wanke Alhaji. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya ce wataƙila allurar mai ce ke ƙarya, bari ya ƙara mata kaɗan ya gani. Ya sauka ya buɗe akwatin da ke gefen motar, ya jawo wata jarkar ƙarfe koriya, irin ta soja.

Jarkar Alhaji ce. A kasuwar gwanjo ya saye ta, don shi a tsarinsa direban da ya fita ba jarka bai shirya ba, ko da gidan mai na kowace kwana. A ɗakin ajiya na barandarmu take zaune. Ban san ɗana ya ɗauko ta ba, ashe ya haɗa ta da buta da darduma cikin kayan ubansa.

Na sauko da ƙyar ina dafa ƙofa. Ya ɓalle murfin. Iska ta kaɗo mini warin.

Shekarun aurena duka na yi su ina wanke rigunan da ke wannan wari. Fetur yaji gare shi, yana tashi ya wuce. Wannan kuwa nauyi gare shi, yana kama yadi, yana kama hannu.

Na ce, "Tsaya. Kada ka zuba."

Ya dube ni. Ya sunkuya ya shinshina. Ya tsoma yatsa, ya murza, yatsan ya yi maiƙo. Jarkar kuwa saura rabi. Motoci suna ta wucewa fuu, fuu, suna kaɗa mana riguna. Matarsa ta koma ciki ta bar mu.

Da ya buɗe baki sai ya ce, "Wataƙila na wani ne ya ajiye masa."

Na ce, "Wa ya sani a garin nan mai babbar mota?"

"Ai ni nake shan mai kullum, Inna. Ni nake zubawa."

"Ranakun da kake wurin aiki fa? Da yake fita da hantsi ya ce zai duba ta?"

Na tuna ranar da aka sayi motar. Mai sayarwa yana bubbuga gefenta yana cewa gas, gas, Alhaji yana gyaɗa kai yana murmushi, ya juyo ya ce mini, "Kin ji ko, Hajiya, ai na faɗa. Mota mai wannan girma gas za ta sha." Kalma ɗaya ya ji a duk Turancin ranar, kuma ita ce ta cuce shi. Na zauna a bakin titi na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Wani makaniki daga ƙauyen kusa ya zo da motar ja. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito da matatar mai, baƙa ƙirin, ta toshe. Ya ce tsohuwa ce, ba a taɓa ta ba, alhali garejin sun ce sun sa sabuwa. Ya canza, mota ta tashi. Ɗana ya naɗe tsohuwar a leda, ya ce, "Ga nasu laifin." Na ce na gani, nasu ne, ka bi su a kansa. Amma ni ba zan ɗaga hannu in rantse a kan maganar dizal ba.

"Inna, sunan Baba fa."

"Na san sunansa kafin ka sani. Ba zan aika masa da rantsuwar ƙarya kabari ba."

Ya ja motar muka nufi Wilmington, garin bakin tekun.

Da la'asar muka isa bakin teku. Zan gaya muku gaskiya, ban ji abin da na zata ba. Ruwa ne ba iyaka, toka-toka, yana zuwa yana komawa, ba ya zama wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. Iska mai sanyi, yashi yana shiga takalmi, fararen tsuntsaye marasa kunya suka fizge wa matar ɗana burodi daga hannu. Turawa tsofaffi suna yawo biyu-biyu da karnukansu. Na ɗebi ruwan na ɗanɗana, gishiri. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, na yi ta kai da kawowa a bakin ruwan da gurguwar ƙafata har aka kira ni salla. A cikin motar muka kwana, a wani fili da ake haya don irinsu. Da safe na ga ɗana a zaune a kan matakala, jarkar tana gabansa, yana kallonta.

Dawowa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Muka shigo Greensboro da yamma, Wendover ta cika maƙil da motoci. Da Litinin ɗana ya je ya janye maganar dizal daga ƙarar, ya bar ta matatar. Ba ya fushi da ni, amma yanzu in ya gaishe ni ba ya daɗewa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Na koyi cewa mutum yana iya ƙwarewa a abu duk rayuwarsa, ya canza ƙasa, kalma ɗaya ta kayar da shi. Na koyi cewa garejin sun yi gaskiya a ɗaya sun yi ƙarya a ɗaya, kuma ban ji sauƙi da ko wanne ba. Abin da ban koya ba shi ne wanda na fara da shi. Ko Alhaji ya tafi yana ganin an zalunce shi ne, ko kuwa wata rana ya gane, kunya ta hana shi faɗa, ya ci gaba da zuwa garejin nan shi kaɗai da abin a cikinsa, ina gefensa ban sani ba?

Shi dai mutum ne da ba ya son a taɓa masa kaya, kun san haka. To amma ku ji abin da ya ce. Safiyar da ya fita, ya sa takalmi, ya kai ƙofa, sai ya tsaya ya dubi baranda. Ya juyo ya ce:

"Hajiya, jarkar nan tawa, kada ki bar yaron nan ya buɗe ta. In na dawo akwai maganar da zan gaya miki."