Azurfar Yaya da rijiyar Inna

Yayana ne mutum na ƙarshe a unguwarmu da ya ƙi yarda cewa waya ta kashe sana'ar hoto. Kowa na latsawa ya ga fuskarsa nan take, shi kuwa yana ƙunshe a ɗakin da ya toshe tagarsa da buhu, yana wanke fim. Sai ya fito yatsu duk tabo, ido jajur, yana tari yana cewa mu ba mu san darajar ilimi ba.

Maƙwabciyarmu malamar kimiyya ce, 'yar kudancin Kaduna. Ranar da warin ruwan wanke fim ɗin ya ishe ta, ta shigo har tsakar gida.

"Malam, ka riƙa sa safar hannu, ka bar iska tana shiga," in ji ta. "Ruwan da ka gama da shi kuma ka tara a jarka, ka rubuta guba a jiki, har a samu mai kai shi Kaduna. Kada ka zubar kusa da rijiya. Akwai azurfa a narke a ciki, kifi ma kashe shi take yi."

Duk wannan dogon bayani, azurfa kaɗai ta shiga kunnen Yaya. A nan Birnin Gwari kowa ya san wani da ya tona rami ya fito da zinari, kuma Yaya ya sha ganin yadda suke rairayar ƙasa a tasa. Sai ya ɗauki tasar Inna, ya kafa kujera a bakin rijiya don ya samu ruwan ɗauraya a kusa. Ya juya ruwan fim, ya tsiyaye a ƙasa, ya leƙa gindin tasa. Abin da ya narke kamar gishiri a miya, shi bawan Allah yake jira ya kwanta masa. Sati uku yana wannan aiki, da damina, a bakin rijiyar da ko siminti babu.

Rijiyar nan ita ta raba mu da rafi. Rafin yana bakin daji, kuma tun da ɓarayin daji suka fara ɗiban mutane, mace ba ta zuwa can sai da addu'a a baki. Na faɗa masa haka.

"Ke ban da tuƙa tuwo me kika sani?" ya ce.

Na ƙyale shi na koma bakin murhu, kuma har yau ina jin haushin hakan.

Wata safiya guga ya fito yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Malama ta shinshina ta ce ko akuya kada a ba. Inna da kanta ta kifa langalanga a bakin rijiyar, ta ɗora dutse. Azurfa kuwa ko ta ɗan kunne ɗaya ba a gani ba.

Washegari muka ɗauki bokiti ni da Inna muka nufi rafi, tana jan gwiwarta mai ciwo. Muna cikin ɗiba muka ji ƙarar babur daga bayan itatuwa. Inna ta yar da bokiti ta kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, ni ma na bi ta. Ashe Yaya ne, ya ɗauro jarka biyu wai ya zo taya mu.

Inna ta tashi zaune, laka har goshi, ta dube shi.

"Koma gida, mai azurfa," ta ce. "Da ma ɓarayin ne. Su ba ni na haife su ba."