Mai Lalle a Gurbin Farfesa

Babu abin da ke ceton rayukan matan karkara kamar taron ƙara wa juna sani a babban otal.

Haka dai masu shirya taron suka rubuta.

Wata rana aka zaɓi Dakta Ramlatu, likitar mata a asibitin wani ƙaramin gari, cikin shirin horar da jagororin lafiya na shekara guda. Manufar shirin ba laifi: a kula da talaka yadda ake kula da mai hali.

Sharaɗi ɗaya ne. Kowa ya kawo abokin aiki daga fannin da ba likitanci ba, su haɗu su magance matsala guda. Wanda bai cike wannan gurbin a fom ba kafin Litinin, a ba wani kujerarsa.

Matsala kam tana da ita. Masu ciki ba sa zuwa sai jini ya hau, sai an kawo su suna jijjiga a bayan a-daidaita-sahu.

Abokin aikin ne babu.

Ta rubuta wa wani farfesan tattalin arziki. Yana Turai. Wani masanin taswira ya ce ta tuna masa bayan jarrabawa. Na ukun ya tambaya ko sunansa ne zai zo farko in an wallafa binciken, tun bai ji mene ne binciken ba.

Ranar Asabar, fom na cikin jaka, ta tafi a yi mata ƙunshi saboda bikin ƙanwar mijinta.

Duk wadda aka taɓa yi wa ƙunshi ta san zaman. Ƙafa ɗaure cikin leda, hannu a shanye, ba tashi, ba taɓa waya. Ga inuwar darbejiya, ga ƙamshin lalle, ga hirar mata tana tashi tana sauka.

Idonta ya fara lumshewa.

Sai ta ga kanta a wani zaure mai fitilu. Taswirar garinsu a jikin bango, kowane gida ɗigo ja, ɗigon yana komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Farfesoshi na gyaɗa kai tare, kamar dawa cikin iska. Har na Turan ya dawo, shi ke riƙe mata jaka.

Muryar Gwaggo Tabawa ce ta dawo da ita tsakar gida.

Gwaggo Tabawa ita ce mai lallen. Tana riƙe da hannun wata mai tsohon ciki, tana murza zoben yatsarta, zobe ya ƙi motsi. Ta tambaye ta ko kanta na ciwo, ko tana ganin ƙyalli-ƙyalli a ido. Matar ta ce tun shekaranjiya.

Gwaggo ta rufe kwanon lalle. Ta ce yau babu ado, a kira mijinta ya kai ta asibiti yanzu.

"Gwaggo, wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, Likita. Ƙafa kowace mai ciki tana kumbura. Amma in zobe ya ƙi fita, fuska ta cika, ba na yi. Biyu na taɓa yi wa a haka, lallen bai goge ba aka binne su."

"Masu ciki nawa kike gani a wata?"

"Duk waɗanda ba sa zuwa wurinku."

Dakta Ramlatu ta kwance ledar ƙafarta, lalle bai gama kamawa ba, ta bi matar asibiti. Aka auna jini. Lambar da ta fito ba ta son jira. Ranar Lahadi aka haifi 'ya mace, uwa da 'ya lafiya.

A wurin biki, dangin miji sun yi magana a kan ƙunshin Dakta Ramlatu. Ba yabo ba ne.

Litinin da safe ta koma gidan Gwaggo da fom. Gwaggo ta saurari bayanin shirin har ƙarshe, ta ce ta yarda, muddin ba za a sa taro Alhamis ko Juma'a ba, ranakun amare ne.

Fanni: lalle. Ƙwarewa: shekara talatin da ɗaya. Takardun da ta wallafa: aka ja layi.

Kwamiti ya zauna sau biyu a kan fom ɗin. Daga ƙarshe aka karɓa, don an duba ƙa'ida ba a ga inda ta hana ba.

Yanzu masu lalle goma sha ɗaya a garin suna da na'urar awon jini kusa da kwano. Sai an auna ake zane.

Darasi: idan kana neman wanda za ku yi aiki tare domin mutanen da ba sa zuwa wurinka, fara tambayar wurin wa suke zuwa. Ba lallai ne yana da ofis ba.

Ku tura wa duk wani mai jiran amsar farfesa, ya samu abin karantawa kafin nan.

Af, Gwaggo ta je taron rufe shirin a Abuja. Ta yi wa daktoci tara lalle a ɗakinta na otal. Biyu ta tura su awon jini.