Yayana Birki

Yayana direban motar 'yan sanda ne tun ina goye. Abin alfaharinsa ɗaya: hannunsa bai taɓa dukan kowa ba. Gaskiya ne. Da ƙafa yake aiki, shi ya sa ake ce masa Birki.

Bayan motar tasu akwatin ƙarfe ne, babu kujera, babu abin riƙewa. Duk wanda ya ɓata wa Ciyaman na ƙaramar hukumarmu rai, sai a sa masa ankwa ta baya a jefa shi ciki. Oga, shugabansu a caji ofis, ya ce, "A ɗan zagaya da shi." Yaya ya ɗauki hanyar kwata mai ramuka, ya take mota, sannan ya danne birki. Haƙora su zube, haƙarƙari ya karye, a ce hanya ce ba kyau. Da yamma ya wanke jinin da tiyo, ya sayo wa yara alawa. Na tsani alawar nan.

Ana saura kwanaki zaɓe, ɗan Yaya na fari, malamin firamare mai bakin tsiya irin nawa, ya tsaya a kasuwa ya tambayi Ciyaman inda rufin makarantarsu ya shiga. Kafin azahar yana cikin akwatin.

Oga ya shigo gaba ya zauna, bindiga a cinya.

"Ranka ya daɗe, ɗana ne," in ji Yaya.

"Na sani. Ko ka zagaya da shi, ko in miƙa shi ga yaran Ciyaman. Ga su can da adduna. Zaɓi."

Yaya ya dubi addunan, ya tada mota. Ya taka birki a hankali.

"Wasa kake da ni?" Oga ya zabga masa gindin bindiga a kunne.

A karo na biyu Yaya ya taka da gaske. Daga baya ya ce min ya ji ƙarar ƙashin har cikin sitiyari.

Yaron ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ciyaman ya ci zaɓe, Oga ya sami ƙarin girma. Yaya ya ajiye kaki, yanzu aikinsa tura ɗansa a keken guragu zuwa asibiti. Yana kauce wa kowane rami, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Jiya ina biye da su a gangaren asibitin, keken ya ɗan yi gudu. Ɗan bai ko waiwayo ba.

"Taka birki mana, Baba," ya ce. "Ai ka iya."