Gangar Babayo a Shagon Mai Gyaran Keken Ɗinki

A Ƙofar Wambai in ka ce Babayo, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Babayo Mai Ganga kuwa, ko baƙon mai shayi zai nuna maka gidan.

A takarda, masinja ne a wata firamare ta cikin gari: shara, kaɗa ƙararrawa, kai saƙo. Abin da ya yi masa suna shi ne wata ƙaramar gangar fareti ta tagulla, wadda makarantar ta gada tun zamanin 'yan dokan En'e. Irin mai wayoyi shimfiɗe a fatar ƙasa ce, da ɗan hannun ƙarfe a gefe. Ka ɗaga hannun, wayoyi su manne da fata, ganga ta yi kaifi. Ka sauke shi, ta koma dum-dum kamar kowace ganga. Ranar Yara, in Babayo ya saki dogon kiɗin nan nasa mai kama da ruwan sama a kan kwano, sauran makarantu sun san kofi ya wuce su. Da ya yi ritaya aka bar masa gangar, don ba mai iya ta.

Sai hannun ƙarfen ya karye. Babayo ya ce faɗowa ta yi daga ƙusa. Matarsa Sauda ta ce ita dai ƙusa tana nan daram, kuma a shekarar ce Malam ɗin nata ya daina karɓar kofin shayi da hagu a gaban mutane, don hannun ya fara rawa.

Daga nan ya kama sana'ar da ta fi kiɗa sauƙi, wato ba da labarin kiɗa. Duk wanda ya ce a ɗan taɓa musu a majalisa, sai Babayo ya girgiza kai cikin jimami, ya ce hannun da ya karye kayan Ingila ne, ko a Legas ba a samu. Ganga na rataye, suna na ƙara girma. Gangar da ba a kaɗawa ai ba ta kuskure.

Bana tsofaffin ɗaliban makarantar suka shirya taro, har da fareti irin na da, suka ce ba mai ja musu gaba sai shi. 'Yarsa Hafiza, wadda ke aure a Gwallameji, tana cikin masu shirin. Ta ce za ta kai gangar wurin masu kayan kiɗa a Yalwa, sun san kanta. Babayo ya yi wuf ya ce gangarsa ba ta shiga hannun baƙo, shi zai zaɓi mai gyara da kansa.

Ya zaɓa kuwa, da kyau. Hammawa ya zaɓa, mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Dumi, mutumin da bai taɓa riƙe ganga ba, wanda ko rediyo ya sa kiɗa sai ya murɗe. Lissafin Babayo a fili yake: ko Hammawa ya ce ba zai iya ba, a samu shaida, ko ya karɓa ya yi alƙawarin tela, taro ya zo ya wuce.

Hammawa ya juya gangar, ya leƙa, ya ɗaga guntun ƙarfen da ɗan yatsa.

“Bappa, wannan ai hannun ƙafar keke ne. Wanda tela ke saukewa ya danne yadi, ya ɗaga ya saki. Kwantar da shi kawai suka yi a gefe.”

“Kayan Ingila ne fa, Hammawa.”

“To waɗannan kekunan da ke jibge a ƙasa, a Azare aka ƙera su?”

Ya jawo kan wani mataccen keke, ya kwance hannunsa, ya kama gogewa. Babayo ya ce ba sauri ake ba, a bari ko bayan Sallah. Nan ne lissafi ya ɓaci. Hammawa ba tela ba ne, shi ne wanda teloli ke tsayawa a kansa. Duk rayuwarsa bai san aiki ya kwana a shago ba, domin telan da kekensa ya tsaya ba ya tafiya gida. Ya huda, ya ɗaure, ya ɗiga mai. Hannu ya ɗagu ƙas, wayoyi suka manne. Da yake ba ya sallamar keke sai an gwada shi a ƙyalle, ya tura wa Babayo gangar ya ce bismilla. Babayo ya ce ya manta sanduna a gida.

Ranar taro ya tashi da ciwon baya. Sauda ba ta yi musu ba, ta ci gaba da goge masa kaki.

“Malam, su waɗanda za su yi faretin, ka gan su kuwa kwanan nan?”

Sai a filin makaranta ya gane nufinta. Yaran da ya sani da gajeren wando sun zama alhazai masu tumbi da hajiyoyi masu ciwon gwiwa. Shugabansu, Alhaji Nasiruddeen, da sanda ya shiga layi. Babayo ya ɗaga hannun keken Hammawa, ya fara a hankali, hagu, dama, hagu. Hannun hagun nasa na rawa, ya tsallake ruwan saman nan gaba ɗaya, yana jiran wani ya juyo. Wanda ya juyo shi ne Nasiruddeen, yana haki.

“Baba, a rage wuta. Ba kofi za mu ci ba.”

Aka tashi ana cewa hannun tsoho bai tsufa ba.

A majalisa wani ya tambayi ina dogon kiɗin. Babayo ya ce gangar da aka sa wa ƙarfen keke me za ta yi ban da ɗinki? Magana ta kai kunnen Hammawa, ya aiko a kawo masa ita ya sake dubawa. Babayo ya ce a gaya masa ba sauri ake ba.

Sai dai gangar ba ta koma ƙusa ba. Bayan la'asar Sauda kan jiyo ta daga zaure, a hankali, hagu, dama.