Fiton Maigidana a Bakin Ƙofa

Jawo kujerar nan ka matso kusa, akwai abin da nake so ka ji, kuma ba na so in ɗaga murya. Wata waƙa ce ta ɓace mini. Ba duka ba, rabinta. Rabin da yake nawa yana nan daram, ko yanzu ka ce in rera zan rera. Na maigidana ne ya tafi.

Da aka kawo ni Kafanchan ina amarya, a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa muka zauna, ɗaki biyu da ɗan kicin a baya. Shi makaniki ne, yana gyaran kan jirgi. Mutum ne marar magana. In ya ci tuwo ya ce "an gode", to hirar ranar ta ƙare ke nan. Ni kuwa ko kaza na samu a tsakar gida sai na ba ta labari. 'Yan layinmu suna tsokanata wai an ɗaura wa rediyo aure da bango.

Maƙwabcinmu direban jirgi ne, shi ya fara sayen bidiyo a layin. Matarsa ta ɗan girme ni, ina kiranta Yaya duk da ba yarenmu ɗaya ba. Ita daga wajen Manchok take, ni daga wajen Gwantu, Hausa ce ta haɗa mu. Ran Lahadi in an taso daga coci an ci abinci, in an yi sa'a akwai wuta, sai duk layin ya ɗuru a falonsu. Maza a kujera, mu a tabarma, a rataya zani a taga saboda hasken rana.

A nan na ga fim ɗin. Na Indiya ne, amma ba irin na 'yan birni masu tsere da mota ba, na sarakunan da ne. Lokacin ba a fara sa musu Hausa a baki ba, don haka Yaya ce mai fassara, alhali ita ma ko kalma ɗaya ba ta ji. In sarki ya zare ido ya yi dogon jawabi, sai ta ce, "Ya ce wa ya cinye masa nama a miya." Maza su ce ta rufe musu baki.

Amma da 'yar sarki ta fito, ko Yaya ta yi shiru. Kayanta ja ne kamar sabon manja, an bi bakinsa da zaren zinariya, an ɗinka masa ƙananan madubai, in ta juya sai hasken ya watsu a bango. Mayafinta shara-shara, kana hango 'yan kunnenta ta ciki. Ga zobe a hanci da siririyar sarƙa ta tafi har kunne, ga awarwaro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Can Yaya ta numfasa ta ce, "Wannan da ganinta ba ta taɓa wanke tukunya ba." Mazan fim ɗin kuma fararen riguna masu buɗewa daga ƙugu kamar lema, da rawani mai gashin tsuntsu a goshi. Har giwaye an yi musu kwalliya fiye da yadda aka yi mini ranar bikina.

Ni dai kunnena yana ƙafarta. Akwai wasu 'yan ƙararrawa da ta ɗaura a idon sawu, kafin ka gan ta ka ji ta. Wani saurayi, shugaban mayaƙan ubanta, shi ma da su yake gane tana zuwa. Daga farkon fim ɗin har ƙarshe ban ga ya riƙe hannunta ba. Abin da ya yi kawai, wata rana ƙararrawa ɗaya ta tsinke ta gangara, ya tsuguna ya ɗauka, ya ɗaura a kuben takobinsa. Duk falon sai da aka ce "kai!"

Sai aka tura shi yaƙi. Ta hau kan katanga da sassafe, shi yana ƙasa a kan doki, ta fara waƙa. Sarewa ce ta shigo da ita, sannan wata 'yar ganga da ake kaɗawa da yatsu, mai magana kamar tulun da muke bugawa a zumuntar matan coci. Ta rera layi ɗaya da siririyar murya, ta hau sama har ka ce za ta tsinke, sai ta dakata. Ta sake rerawa, ta sake dakatawa. Sau biyu kawai muka kalli fim ɗin aka mayar da kaset ga mai shi, amma ni a kallon farko na kwashe waƙar. Ban yi nisa a makaranta ba, amma kunne Allah ya ba ni.

Cikin makon nan ina kicin da la'asar ina dama faten acca, ina rera ta da hanci tunda ban san kalmomin ba. Na kai wurin dakatawa na yi shiru, sai na ji fito daga bakin ƙofa ya amsa. Saura kaɗan ludayi ya faɗa mini cikin tukunya. Na leƙa, ga mutumina riƙe da baƙin kekensa, kaya duk baƙin mai, yana kallon taya kamar ba shi ba. Na rera layi na biyu. Ya amsa. Ya jingine keken ya ce, "Akwai ruwan wanka?"

Tun daga ranar ya zama mana sallama. Ba ya shigowa sai na fara, ni kuma da na ji ƙarar sarƙar kekensa daga kwana sai in fara. In mun yi faɗa, in ƙi. Sai ya tsaya. Akwai ranar da na yi fushi sosai, har na manta dalili yanzu, ana ruwa irin na Agusta, ya tsaya a ƙofa yana jiƙewa. Na ce a raina yau sai na ga iyakarsa. Ban kai ga tafasar ruwan shayi ba na ji bakina ya fara da kansa. Mutumin nan har ya koma ga Ubangiji bai taɓa ce mini yana sona da baki ba. Ban kuma taɓa jin na rasa komai ba.

Ya yi ritaya, muka koma namu gidan, yara suka girma suka watse. Haƙoransa na gaba suka zube, fiton ya koma iska ta fi sauti yawa, amma in ya dawo daga gonar citta sai ya yi. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Bara ne abin ya same ni. Ina shara da safe na rera nawa, na dakata, na saurara a cikin kaina kamar yadda na saba. Na ji farkon, inda yake hawa sau uku. Daga nan babu. Na zauna a bakin rijiya tsintsiya a hannu. Ni da nake gane mashin ɗin kowa a unguwa da ƙararsa! Sai na gane inda matsalar take. Nasa rabin ban taɓa sa shi a bakina ba. Jiransa kawai nake yi.

Na ce to, fim ɗin dai bai mutu ba. Na je kasuwa wurin wani mai tura finafinai a waya.

"Mama, mene ne sunan fim ɗin?"

"Da na sani da na faɗa maka."

"Jarumin fa, yaya yake?"

"Mai gashin baki."

"Haba Mama, ai duk Indiya gashin baki ne."

Na tsaya a tsakiyar kasuwa, tsohuwa da ni, na rera masa. Masu tumatir suka yi mini tafi. Ya kunna mini sun fi goma, duk giwaye da rawuna, babu nawa.

Ni ba mai tafiya ba ce, daga gida sai coci sai kasuwa. Da na ce za ni Manchok, 'yata ta bugo waya tana tambaya ko lafiya. Na hau bas dai. Na sami Yaya a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, ita ma nata mijin ya riga mu gidan gaskiya.

"Wa nake gani? Rediyo! Har yanzu batir bai mutu ba?"

"Ke ma ga ki nan, mai fassarar ƙarya."

Muka rungume juna muka yi kuka, muka yi dariya. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ita kayan kawai ta tuna, har yawan awarwaron. Amma babbar 'yarta, wadda yanzu malamar makaranta ce, ta ce kwalin kaset ɗin ya daɗe a kan talabijin ɗinsu bayan an mayar da na ciki, da shi ta koyi haɗa baƙaƙe, shi ya sa sunan fim ɗin yana kanta har yau. Ta danna waya, ta miƙo mini.

Ga 'yar sarkin nan. Jan kayan nan, madubin nan, ba abin da ya tsufa sai mu. Aka kai wurin katanga, sarewa ta shigo, na dafe ƙirji. Ta rera, ta dakata. Na kasa kunne.

'Yar ganga. Ƙararrawa ɗaya a jikin takobi. Doki ya buga ƙafa. Saurayin ya ɗaga kai yana kallonta, bakinsa a rufe.

Na ce, "An yanke. Ina wurin da namijin yake amsawa?"

Malamar ta ce, "Mama, ba a yanke komai ba, haka yake."

Yaya ta ajiye gyaɗar ta dube ni. "Wane namiji? Mutumin nan bai buɗe baki ba har ya tafi. Mijinki ne ya ga an bar wuri, ya sa nasa. Ai duk layi mun sani. In muka ji fiton nan mun san biyar ta yi, mu ɗora ruwa. Ni na ɗauka kin sani."

Ban sani ba. Shekara talatin da wani abu ina cewa mutumin nan ba ya magana.

Na kama hannunta na ce, "Yaya, to ki yi mini shi." Ta murɗe baki ta hura, sai iska. Ta gwada da hanci, ya fito kamar waƙar karɓar baiko a coci. Ta ce, "Ƙanwata, kin san ni, ko a coci tafi kawai nake yi."

Malamar ta tura mini fim ɗin a wayata. Ina kallonsa da rana in na gama aiki, ina jin daɗin kayan da kiɗan kamar da. In an zo kan katanga nakan rera tare da ita, mu dakata tare, mu biyu muna jira.

Shi ya sa na ce ka matso. Layin nan ba mu kaɗai muka zauna a cikinsa ba, hanya ce, mutane suna wucewa. In ka taɓa bi ta kwatas ɗin jirgin ƙasa da la'asar a shekarun nan, ka ga wani dogon mutum siriri tsaye a bakin ƙofa da baƙin keke, yana wani fito mai hawa sau uku kafin ya sauko, ka tuna yadda yake saukowa?