Yadda Zahari Mai Walda Ya Koyi Jinya

Shekara talatin da huɗu Zahari ya yi yana walda da gyaran tarakta a gonar haɗin gwiwa ta ƙauyen Gorna Lipa, kafin gonar ta watse kowa ya kama gabansa. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa da saurin fushi, wanda tun da ya auri Nevena bai taɓa dafa ko da ƙwai ba. Ita ke gasa burodi, ta tatsi awaki, ta kafa kindirmo, ta ɗinka masa riga a kekenta. Shi dai nasa ya dawo da hannu baƙi ƙirin, ya wanke, ya zauna a zuba masa.

Ana tsakiyar yankan inabi abin ya faru. Yana gaba da almakashi, tana biye da kwando, sai ya ji shiru a bayansa. Da ya waiga ya tarar da ita a ƙasa, bakinta ya karkace, tana son ta kira sunansa harshe ya ƙi. Maƙwabcinsu Dobri, wanda suka yi aikin soja tare tun suna samari, shi ya kwashe su a tsohuwar motarsa zuwa asibitin gari. Likita ya ce hawan jini ne ya buge ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Kwana goma sha ɗaya aka sallame ta. 'Yarsu ɗaya tilo, Iskra, tana can Sifaniya tana aikin kula da tsofaffin wasu. Ta bugo waya tana kuka.

"Baba, akwai gidan kula da marasa lafiya a gari. Ka kai ta can. Wannan aikin nake yi kullum, na san nauyinsa. Ba za ka iya ba."

"Wa ya ce miki ba zan iya ba?"

"Kai da ko shayi ba ka san inda ake ajiye shi ba?"

"To zan nema. Uwarki a ɗakinta za ta kwana."

Ya kashe wayar, ya tsaya a tsakar kicin yana buɗe gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai ya sami shayin.

Malamar jinya guda ce ke zagaya ƙauyuka huɗu na wannan kwarin, sunanta Rayna, gajeriyar mace mai kaifin baki, wadda Zahari ya girme ta da shekara ashirin. Talata da Juma'a take zuwa Gorna Lipa. Zuwanta na farko ta nuna masa yadda ake juya mara lafiya kowane awa biyu don kada kwanciya ta cinye mata fata, da yadda ake canja zanin gado mutum na kansa, da yadda ake ɗaga kai kafin a ba da abinci don kada ta ƙware. Ya saurara yana gyaɗa kai, irin na wanda ya riga ya sani.

Da sanyi ya fara shiga, Nevena ta riƙa nishi saboda ciwon ƙugu da kafaɗa. Zahari ya tuna yadda mahaifiyarsa ke soya gishiri ta ɗura a safa ta gasa musu jiki suna yara. Ya soya gishiri a kasko har yana tartsatsi, ya ɗura a safar ulu, ya jingina mata a cinyar dama, ya tambaye ta ko da zafi. Ta girgiza kai. Ya ji daɗi, ya fita ba awaki ciyawa.

Washegari Juma'a, Rayna ta yaye bargo ta ga bororo kamar tafin hannun yaro a cinyar. Sannan ta kira shi waje, ta ja ƙofa.

"Bai Zahari," ta ce, don haka ake kiran manya a can, "ka girme ni, amma yau sai ka ji. Ƙarfe ka ɗauke ta? Wannan ƙafar ba ta jin komai. Ko garwashi ka ɗora mata, kai za ta girgiza maka. Ka ƙona matarka."

Mutumin da ya taɓa jifan shugaban gona da sifana ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa suka yi ja.

"Koya mini," ya ce. "Daga farko. Wancan karon ban ji ba."

Ta koya masa. Duk abin da za a gasa jiki da shi, a fara gwada shi a cikin damtsen hannu, inda fata ke da laushi, ba a tafin hannunsa da walda ta mayar kamar ƙirgi ba. A naɗe shi a tawul. Kada ya wuce minti ashirin. Kada a ɗora a inda ba ta ji, ko inda ya kumbura, ko kan rauni, kuma kada a bar ta ta yi barci a kai. Ya sa ta maimaita, ya rubuta da fensirin kafinta a bayan kalanda.

Sati biyar yana wanke ƙunar nan yana sa mata magani kafin ta warke. Kullum in ya buɗe bandejin sai ya ce, "Yi haƙuri, Neva." Ita kuwa ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dafa masa kai.

Gishiri ya fita daga ransa. Ya gwada yashi, ya yi nauyi. Ya gwada dusa, ta yi saurin hucewa. Daga ƙarshe ya tsaya a kan alkama: tana riƙe ɗumi, tana bin lanƙwasar jiki, ga ƙamshi kamar na sabon burodi. Sai dai in an zuba ta a jaka ɗaya duk takan gangara gefe guda. Nan ya jawo keken ɗinkin Nevena kusa da gadonta. Ya karya allura huɗu a yini ɗaya, tana kallonsa tana buga katifa da hannu duk lokacin da ya zura zare ba daidai ba. A haka ta koya masa ɗinki ba tare da ta furta kalma ba. Ya yanka tsohon wandonsa na aiki, ya ɗinka jaka mai ɗaki-ɗaki shida, kowane ɗaki da alkamarsa. Yakan ɗumama ta a cikin tandar murhu bayan an kwashe burodi, ya gwada a damtse, ya naɗe, ya sa mata a ƙugu ta gefen da take ji, ya ɗora agogo a kan tebur.

Iskra ta aiko da wata shimfiɗar ɗumi mai aiki da lantarki, mai maɓalli uku. Nevena ta ga waya na fita daga jikinta, ta ture ta da ƙafa. Kyanwar gidan ce ta gaje ta.

Sana'arsa ma ba ta tafi a banza ba. Ya haɗa bututun ƙarfe ya yi mata wani abin kamawa a saman gado, don ta riƙa ɗago kanta da hannun hagu. Ya kafa ƙarfen dafawa a jikin bango tun daga ɗaki har ƙofar gida. Safe da yamma yana miƙar mata da hannun da ya shanye, yatsa bayan yatsa, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar mai horar da sojoji.

Labari ya bazu. Ranar da ya shiga kantin ƙauye sayen sabulu da man shafawa, maza na zaune a ƙofa suna shan kofi. Dobri ya ɗaga murya.

"Ku matsa, ku matsa, ga ungozoma ta iso! Zahari, akuyata na da ciki, nawa za ka karɓa?"

Aka tuntsire da dariya.

"Jiya na hango shi yana shanya ɗan kamfai," wani ya ƙara. "Har da 'yan maƙalan shanya a baki."

Da a da ne, da kujera ta tashi sama. Amma Zahari ya dubi agogonsa kawai.

"Saura minti goma in juya ta," ya ce. "Kai kuma, Dobri, ka yi addu'a taka matar ta fi ka lafiya, don in ta kwanta a hannunka, yunwa za ta riga ciwon kashe ta."

Dariyar ta koma kan Dobri, shi kuwa ya wuce da sabulunsa.

Maganar Nevena ta dawo a wata na bakwai da ciwon. Yana ba ta miyar wake a cokali, sai ta kawar da kai, ta tattara ƙarfinta, ta ce a fili, "Gishiri ya yi yawa." Zahari ya ajiye kwanon, ya fita tsakar gida, ya daɗe yana share ido da gefen riga. Daga nan ya leƙa ta kan shinge ya ƙwala wa Dobri kira.

"Ta ce miyata ba daɗi! Ka ji? Da bakinta ta faɗa!"

Bayan shekara ɗaya da wata biyu, ranar wata Lahadi ana fitowa daga coci, mutane suka ga Nevena tsaye a ƙofar gida, hannu ɗaya a kan ƙarfen bango, ɗaya a kafaɗar mijinta. Mata suka yanyame ta suna sumbatar kumatunta. Shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, yana kallon sama kamar ba ruwansa.

Da suka koma asibiti a duba ta, wata likita ta juya ta, ta duba bayanta da ƙugunta da dugaduganta, ba ta ga gyambon kwanciya ko ɗaya ba.

"A wane gidan jinya take?" ta tambaya.

"A gidana," in ji Zahari.

"Wa ke kula da ita? 'Yarku?"

"Ni ne."

Likitar ta dubi hannuwansa masu tabon wuta, ta ga tabon cinyar Nevena, ta tambayi dalilinsa.

"Shi ma ni ne," ya ce. "Sau ɗaya. Ba a sake ba."

Ta kira wasu ɗalibai biyu da ke wucewa, ta ce su zo su ga yadda ake riƙe mara lafiya. A motar komawa gida bai bar kowa ya huta da wannan labarin ba.

Shekara shida Nevena ta ƙara a duniya bayan ciwon ya same ta. Ta ga auren jikarta, ta koma zama a inuwar inabi tana ɓare wake da hannu ɗaya tana yi masa gyara a girki. Ta rasu da hantsi a farkon bazara, a ɗakinta, jikinta tsaf, gashinta a taje. Iskra ta zo jana'iza. Da ta ga ɗakin, da kalandun shekara shida da ya rubuta lokacin magani da na juyi a bayansu, sai ta rungume shi.

"Baba, ni da ake biyana ban kai ka ba."

"Ke na wasu kike yi," ya ce. "Naki ya fi wuya."

Ta so ta tafi da shi Sifaniya, ya ƙi. Wata biyu ya yi yana zaune a gida kamar an zare masa laka. Rayna ce ta zo ta buga masa ƙofa.

"Bai Zahari, zaman me kake yi? Ƙauyen nan duk tsofaffi ne, 'ya'yansu na ƙasashen waje, ni kuma ƙafa biyu gare ni. Dobri ya faɗo daga kan tsani, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki an dawo da shi, ya hana matarsa da surukarsa su taɓa shi. Kwana tara bai yi wanka ba."

Zahari ya ɗauki jakar alkama da tawul biyu ya zagaya. Ya tarar da Dobri ya juya fuska bango, ɗakin na wari.

"Me ya kawo ka?" in ji Dobri.

"An ce mini akwai akuya mai ciki a gidan nan."

Dobri ya yi dariya har ciwon ya sa shi ihu, dariyar ta koma kuka. Zahari ya kori matan, ya rufe ƙofa, ya naɗe hannun riga.

"Kunyar me? Ni da na gan ka tsirara a layin wankan barikin soja, ba abin kallo ko a lokacin. Ɗaga hannu."

Ya wanke shi tas, ya aske masa gemu, ya canja zanin gado. Dobri ya nuna wurin aikin ya ce a ɗora masa ɗumin a nan. Zahari ya ce sam, ba a gasa sabon rauni, ya sa masa a gadon baya inda kwanciya ta sandarar. Wata uku yana zuwa kullum, har Dobri ya taka da sanda ya koma kujerarsa ta ƙofar kanti.

Tun daga nan ƙofar Zahari ba ta huta ba. Yanzu shekararsa saba'in da shida. Ya ɗinka jakar alkama sama da ɗari biyu, ba ya karɓar ko sisi a kai, sai dai a kawo masa tsohon wando mai kauri da mudun alkama. Amma ba ya miƙa wa kowa jaka sai mutum ya tsaya a gabansa ya karanto dokokin gasa jiki da ka. Wanda ya yi tuntuɓe, ya koma ya dawo gobe. Har limamin coci sai da ya yi sawu biyu.

In ciwo ya fi ƙarfin ɗumi kuwa, ba ya wasa. Wata tsohuwa, Stoyanka, ta zo neman jaka don ciwon ciki ta gefen dama, ya dube ta ya ga tana zufa, ya hana ta, ya sa aka kira motar asibiti. A ranar aka yi mata aiki. Da ta dawo ta aiko masa da tiren banitsa, wani irin burodinsu mai cuku, wanda ya raba wa marasa lafiyarsa uku na wannan makon, ya ci ɓangare ɗaya a tsaye, ya sa hularsa ya nufi ƙauyen gaba, inda wani malamin makaranta mai ritaya ke jiransa ya nuna masa yadda zai ɗaga mahaifiyarsa daga gado ba tare da ya karya bayansa ba.