Baba Mai Buroshi da Bokitin Duwatsu

Kowace safiya, kafin sauran masu shaguna su buɗe, Baba Mai Buroshi ya riga ya ɗora ruwa a kan risho. Ba na shayi ba ne, na wanke kan batir ne. Yana zuba shi a buta, ya jera sifanoninsa a kan benci, ya soka tsohon buroshin goge haƙori a aljihun gaba, inda wasu ke soka biro. Rigarsa duk huda ce, aikin ruwan batir. Shekara talatin da takwas ke nan a haka, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye, don hannu ya fara rawa, 'yarsa ta ce ya isa.

A bakin ƙofarsa akwai bokiti cike da duwatsu, kuma kowane dutse a ciki abin kunyarmu ne. Mu ne mutanen da mota za ta ƙi tashi, mu buɗe gabanta, mu nemo dutse mu ƙwanƙwasa kan batir. Ta tashi, mu jefa dutsen ƙarƙashin kujera don gobe. Mutum da digirinsa zai shekara biyu yana wannan, bai taɓa tambayar dalilin da wayar kan batirin ke kwance ba. Dokar Baba ɗaya ce: ba ya taɓa motarka sai ka miƙo abin dukan ya jefa a bokitin.

"Ni ba na dukan batir, Baba," mai mota kan ce.

"To ɗaga kujerar mu gaisa da shi."

Maƙwabtansa har yanzu suna ba da labarin direban motar wata makaranta. Motar ta yi ta ƙin tashi da safe, an sa sabon batir sau biyu, ba ta sake zani ba. Mai makarantar ta yanke cewa direban ne ke musanya sabo da tsoho yana sayarwa, ta ce Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe. Mutumin yana da 'ya'ya biyar, kuma direban da aka kora da sunan ɓarawo ba wanda zai sake ba shi makulli. Ya roƙe ta su je wurin Baba. Aka turo motar, ita tana biye a tata.

"Baba, ka gaya masa gaskiya a gabana," in ji ta. "Tsohon batir ne wannan ko ba shi ba?"

Baba ya ɗora mitar auna batir. "Sabo ne, Hajiya. Ya fi ni lafiya."

Ya zuba ruwan zafi a kan farin garin da ya taru, ya goge da buroshi, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Zoben da ke riƙe wayar ya tsage, yana juyawa kamar zobe a yatsar mai jinya.

"Direba, miƙo dutsen."

"Wallahi babu, Baba."

Baba ya duba ƙarƙashin kujera da kansa, bai samu komai ba. Ya dawo ya shafa kan batirin. "Ka yi gaskiya. Dutse faɗi yake yi wa dalma. Waɗannan 'yan ramuka ne, ƙanana, zagayayyu. Dunduniyar takalmi ce, mai tsini."

Kowa ya dubi ƙasa. Direba silifa ne a ƙafarsa. Hajiya ta ja gefen zanenta ya rufe nata.

"Taimaka masa nake yi," in ji ta. "Idan yara sun makara, ni iyaye ke kira. Kuma duk ranar da na buga tana tashi."

"Tana tashi, ranki ya daɗe," in ji direba, idonsa a kan taya.

"Kai kuma me ya hana ka magana?" in ji Baba.

"Baba, mutum ya riƙe hannun mai biyansa albashi?"

Baba ya sa sabon zobe, ya ɗaure da sifana, ya shafa giris. Murɗa ɗaya motar ta tashi. Sai ya ɗauko bokitin ya ajiye a gabanta. Masu shaguna sun rantse ta cire takalmin ta jefa a ciki, ta ɗingisa zuwa motarta. Ta sauke gilashi ta ce wa direba kada ya makara ran Litinin. Shekara tara ke nan, shi ke jan motar.

Baba, kai ne wanda batura ke jibge a shagonsa, amma ka fi kowa hana mutane sayen sabo. Da ka ce wa Hajiya batirin ne, ka sayar mata da na uku, ba mai kama ka, wani bawan Allah ne kawai zai tafi gida da sunan sata. Ka zaɓi ka sunkuya ka duba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya.

Mu kuma abin da ya rage mana, a ofis muke ko a gareji, mu daina ƙwanƙwasa abin da ɗauri yake buƙata, mu daina ɗora wa na ƙasa laifin hannunmu. Sauran kwana goma sha ɗaya Baba ya rufe. Duba ƙarƙashin kujerarka. Bokitin yana nan a bakin ƙofa, akwai sauran wuri kusa da takalmin.